Maraɗi ta yi kusa, shi ya sa Madarunfa ta yi miki nisa

Inna, ina wuni, ya gida, ya aiki?

Ni haifaffiyar Maraɗi ce, a unguwar Zariya na tashi, can aka yi mini aure. Maigidana mushen lakkol ne. Da aka koma karatu a watan Oktoba aka tura shi wani gari a bakin tafkin Madarunfa, muka tattara da yaranmu biyu muka koma. Ga damina ta ƙarato, har yau raina bai kwanta ba.

Ba rashin wuta ko ruwan famfo ne ya fi damuna ba, mutanen ne. Mace za ta yi sallama, kafin ki amsa tana tsakiyar ɗakinki tana ƙare wa kwanukanki kallo. Aro ba ya ƙarewa: gishiri, magi, cajin waya, har zanen fita biki. Abin da na dafa jiya, yau ana zancensa a bakin rijiya. Sun sa mini suna Madam 'yar birni, wai ina da girman kai. Abin ya ƙara lalacewa ranar da na tarar ana hirar ziyarar kaburburan waliyyai, na ce mu a gidanmu an koya mana wannan ba addini ba ne. Tun daga ranar wasu da ƙyar suke amsa gaisuwata.

Kowace Juma'a da la'asar nake kwasar yara mu tafi gidanmu, sai Lahadi da yamma mu komo. Shi maigida ya saje, yana da fadarsa ta shayi, in na yi ƙorafi ya ce in yi haƙuri. 'Yar sana'ar atamfa da turare da nake yi ta WhatsApp ta tsaya. Mahaifiyata ta ce in komo gida in zauna, shi ya riƙa zuwa ƙarshen sati. Inna, in koma ko in zauna?

Ɗiyarki daga bakin tafki

*

Ɗiyata, lafiya lau, Allah ya raya yara ya yi musu albarka.

Na ji laifukan da kika lissafa na mutanen gari, kuma ban ce ƙarya kike ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki tafiyar Juma'ar nan ce. Da Agadas ko Difa aka tura mijinki, da tuni kin yi kukanki kin share hawaye, kin san sunan maƙwabciyarki da na autanta. To Madarunfa ba ta kai kilomita 30 daga Maraɗi ba, ko kabu-kabu ya kai ki. Kusancin nan ne ya hana ki sauka. Gadonki da kwanukanki sun tare, ke ba ki tare ba.

Ki duba ranakun da kike ɗauke ƙafa. Yawancin ɗaurin aure da kai amarya tsakanin Juma'a da Lahadi ake yin su, a lokacin ne kuma gidaje ke cika da baƙi ana neman hannun daka da na wanke-wanke. A duk waɗannan ranaku abin da matan garin ke gani shi ne kwaɗo a ƙofarki. A Zariya kina iya shekara ba ki leƙa gidan da kuka haɗa katanga ba, babu mai riƙe ki da shi, don kina da ƙawayen lakkol, da dangi, da waya. Ƙaramin gari ba haka yake ba. Akwai lissafin da ba a rubuta shi a takarda ba, tsofaffin mata ke riƙe da shi a ka: wa ta zo barka, wa ta zauna makoki har kwana uku, wa ta kama taɓarya ranar suna, wa ta kawo nata bikin. Kin san yadda biki yake a wurinmu, abin da kika ba mace ranar hidimarta, ranar taki za ta maido miki da ƙari, ke ma ki sake ɗorawa. Bashi ne da ba a so ya ƙare, don ranar da ya ƙare zumunci ya yanke. Ke kuwa wata bakwai babu wadda ke bin ki, babu wadda kike bi. Wannan ne suke kira girman kai. Ba tafiyarki ba ce, ba ɗaurin kallabinki ba ne. Zumunta a ƙafa take, taki ƙafar kuwa kullum tasha ta nufa.

Saboda haka abu na farko: ki mayar da zuwa Maraɗi sau ɗaya a wata. Duk hidimar da aka yi a unguwarku, ko ba a aiko miki ba, ki sa hijabinki ki je. Ba a gayyatar mutum gaisuwar mutuwa, barka ma haka. In kin je kada ki zauna kan kujerar da za su kawo miki don ke matar mushe ce. Ki ce a'a, ki nemi inda ake gyaran kayan miya ki tsuguna. Za su yi miki dariya, su ce hannun 'yar birni bai iya ba. Ki taya su dariyar. Wadda ake tsokana an fara karɓarta ke nan, shirun da suke yi miki yanzu ne abin tsoro.

Zancen aro, a nan ina tare da ke rabi. Gishiri, magi, garwashin wuta, cajin waya, waɗannan ki bayar ba ƙidaya, harajin zama da mutane ne. Zanen fita, sarƙa da kuɗi masu nauyi kuwa, ki hana tun karon farko, da fara'a, kuma ki hana kowa daidai wa daida. Abin da ke jawo gaba shi ne a ba wance a hana wance. "Wallahi, Yaya, wannan ko ƙanwata ba na ba ta, amma zo ki ga wani abu," sai ki miƙa mata ɗan turare. Ta tafi ba ta ji kunya ba.

Sauran rabin shi ne, ke me kika taɓa ara? Na tabbata ba komai, don kin taho da kayanki cif, abin da ya ƙare kuma ki sayo shi Maraɗi ranar Asabar. Mai bayarwa kullum ba ta karɓa, mutane na jin nauyinta, daga jin nauyi kuma sai haushi. Gobe ki aika yaro gidan da ke kusa a aro miki turmi ko rariya, ko da kina da naki a ɗaki. Ki je da kanki ki ce a koya miki yadda ake gyaran tarwaɗa a cire mata yauƙi, ko yadda suke banda kifi ya yi sati bai lalace ba. In an aiko miki da fura, kada kwanon ya koma wayam. Macen da ta koya miki abu ta zama mai kare ki a bakin rijiya, don aibinki ya zama nata.

Shigar ɗaki kuwa maganinta tabarma ce. Ki sa a yi miki 'yar rumfa a tsakar gida, ki shimfiɗa tabarma tun safe, ki ajiye randa da moɗa, ki saki labulen ɗaki. In aka yi sallama ki riga baƙuwa fitowa, ki ce bismilla nan ya fi iska. Tambayoyin nawa ne albashin mushe, da har yanzu ba ƙanen wane, amsarsu ɗaya ce: Alhamdu lillahi, sai addu'arku. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma duk wadda ta fara kawo miki labarin wasu tun satin farko, ki ba ta ruwa ta sha, ki riƙe bakinki. Kowane ƙaramin gari yana da ɓangarori, na sarauta, na siyasa, na tsohuwar rigimar gona da aka gada tun kakanni, kuma matar ma'aikaci ba ta da riba a ko ɗaya.

Yanzu maganar waliyyai, wadda ita ce babbar.

Ba zan ce miki ki canza abin da kika yarda da shi ba, ba kuma zan yi miki fatawa a nan ba, wannan fagen malamai ne. A Maraɗi kanta shekaru da dama 'yan Izala da 'yan ɗariƙa suna jayayya a kan irin wannan, kuma da gari ya waye a babbar kasuwa suke haɗuwa su yi ciniki, har su ba juna aure. Amma ki gane abin da kika taka. Kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa a kewayen tafkin nan, su ne abin da aka san Madarunfa da shi tun kafin a yi lakkol ɗin da mijinki ke koyarwa. Mutane na tasowa daga nesa don su. Matan da kika gaya wa maganar, iyayensu ne suka kai su wurin suna goye. Ba wa'azi suka ji a bakinki ba, abin da suka ji shi ne yarinyar da ba ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwarsu ba ta ce iyayensu ɓatattu ne. Ko malamin da ya fi ki karatu, in ya sauka gari, sai ya ci tuwon mutane ya yi jana'izarsu kafin ya buɗe baki a kan abin da suka gada.

Gyaran ba ya buƙatar ki janye aƙidarki, ba ya buƙatar ki bi su ziyara. Ki tuna wadda ta fi shekaru cikin matan da ke wurin a ranar. Ki sayi goro, ki same ta gida bayan la'asar, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Inna, ranar nan bakina ya yi sauri, ƙuruciya ce, a yafe mini." Iyakarta ke nan. Kada ki ƙara da "amma", kada ki jawo aya. Kafin magariba duk unguwa ta ji, kuma wannan karon saurin yaɗuwar magana da kike kuka da shi zai yi miki aiki. In watarana aka ce ki zo a tafi ziyara, ki ce Allah ya karɓa, a sa mu a addu'a, ki ci gaba da aikinki.

Af, tun da sun ce miki 'yar birni, ki sani birnin naki ma garin bakin ruwa ne. Tsohuwar Maraɗi a fadamar gulbi take, sai da ambaliyar 1945 ta cinye ta aka hau tudu aka yi wadda kika sani. Katsinawan da suka kafa sarautarta kuwa, baƙi suka zo bayan Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, suka tarar da masu ƙasa suka zauna da su. Kakanninki sun san zaman baƙunci, sun san sauro.

Shi kuma mushe, ki ba shi wannan ya karanta. Ɗana, "yi haƙuri" ba ta isa ba. Kai gari ya karɓe ka ba wahala, don kana da aji, kana da masallaci sau biyar a yini, kana da fada. Ita ka ajiye ta tsakanin katangu huɗu ka ce ta saba. Tun satin da kuka sauka ya kamata ka kai ta ta gaida iyalin maigari da na liman, ka damƙa ta hannun wata dattijuwa ka ce ga ɗiyarki nan, amana. Ba a makara ba. Baƙuwa tana buƙatar uwar ɗaki, wadda za ta aiko yaro ya ce an haihu gidan wane, shirya mu tafi, ta kuma gaya mata nawa ake kaiwa don kada ta yi kaɗan a raina ta, kada ta yi yawa a ce tana nuna arziki. Kuma dare ɗaya ko biyu a sati, ka bar 'yan fada su sha shayinsu, ka sha naka a gida.

Sana'arki ba ta mutu ba, juya ta za ki yi. Masu sayen kayanki suna Maraɗi, suna nan cikin wayarki, kuma abin da kike zaune a kansa suna nemansa: kifi, ɗanye da banda, karfasa da tarwaɗa, ga zogale da kayan lambu a hanyar Jiratawa. Ki saya wurin matan masunta da masu banda, ki biya hannu da hannu, kada ki tsallake su ki je bakin ruwa ki karya musu ciniki. In kin je Maraɗi ƙarshen wata ki taho da abin da babu mai sayar da shi a unguwar. Kada ki kafa kaskon ƙosai kusa da wadda ke ci da marayu da nata. Ki yi hattara da bashi, atamfar da aka ɗauka sai kaka, sau da yawa sai wata kakar.

Ki kuma tambayi ƙungiyar Mata Masu Dubara ta garin, da wuya ki rasa. A jihar Maraɗin nan aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, kafin tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Mata ke haɗuwa kowane sati su zuba abin da suka yanka wa kansu, ko dala goma ce, a ranta wa mai buƙata, in zagaye ya cika a raba. Ba don kuɗin nake tura ki ba. Ina so a samu wuri ɗaya a garin da ake kiran sunanki kowane sati, in ba ki amsa ba a aiko a ji ko lafiya. Galibi suna neman mai iya rubutu da lissafi, ke kuma kin yi lakkol. In ƙarin da ake ɗorawa kan rance bai kwanta miki ba, ki shiga asusu na zubi da kwasa kawai, ki yi shiru da dalilinki.

Abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi duk waɗannan gaggawa, shi ne yara da ruwa. Tafkin da kika sani na rani ba shi ne na damina ba. In Gulbin Maraɗi da na Gabi suka kawo, yakan kai wajen hekta 800, inda yara ke wasa yau ya zama zurfi, ga ramukan da aka haƙi ƙasar bulo duk sun cika ba a ganin bakinsu. Yaran garin sun iya ruwa tun suna ƙanana, naki ba su iya ba, kuma za su bi su. Ki kafa doka tun yanzu, ki gaya wa maƙwabta su ma su sa ido. Akwai kuma tsargiya. Ƙwayarta daga ƙananan katantanwa take fitowa, ta shiga ta fatar mai wanka ko wanki a ruwan da ke kwance, ba sai an sha ba. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Za ki ji wasu na cewa ai kowane yaro namiji yana yi, girma ne. Ba girma ba ne, cuta ce, tana da magani a asibiti, ana kuma rabawa a lakkol lokaci-lokaci. Sauro kuwa daga Agusta zuwa Oktoba ya fi kisa. Kowa ya kwana cikin sange, ki zubar da duk ruwan da ya kwanta a kasko ko tsohuwar taya, don sauro na hayayyafa a ruwan da ya kwanta. Masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5 in sun zo ƙofarki da damina, su same ki gida, ki kuma cika na kwana biyun da za su bar miki. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar.

Tafiyar yamma ma ki bar ta. Kin san abin da ƙauyukan kan iyaka, wajen Gabi da Safo da dajin Baban Rafi, suka sha a hannun 'yan bindiga shekarun nan. In za ki Maraɗi ki tafi da hantsi ki komo rana na sama. Labarin wace hanya ce lafiya, wace ce ba lafiya, a bakin maƙwabta ake jin sa kafin rediyo, kuma ba sa gaya wa wadda ba sa magana da ita. In har wata barazana ta gaske ta taso a garin da kuke, wannan ba zancen sabo ba ne, ku kwashi yara ku tafi, ba sai kun nemi shawarata ba.

To, ki koma ko ki zauna? Ki zauna, zuwa bayan kaka. Ba ki ga garin ba tukuna, kin ga ranakun aikinsa ne na rani kawai. Na san in an rufe lakkol ƙarshen Yuni ma'aikata kan watse, amma kada ku kulle gida wata uku cur. Ku yi shuka da mutane, ku roƙi ɗan fili bayan gida ko na kuɓewa da yakuwa ne, ki kai abinci gona ranar gayyar maƙwabcinku. In an ɗaure gero, bukukuwa sun wuce, ku zauna da mijinki ku sake duba maganar. In har lokacin ba kya barci, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa miki ba dalili, ki gaya wa likita, ba rashin tawakkali ba ne. In kuma kun ga zaman Maraɗi ya fi, ba abin kunya ba ne, malamai da yawa haka suke yi. Sai dai ki shiga da idonki buɗe: tukunya biyu ce kan albashi ɗaya, kuma namiji mai albashi da ke kwana shi kaɗai a ƙauye, ba a rasa mai tausaya masa ya ce ga ɗiyata ta riƙa dafa maka ruwan zafi. Ban ce zai karɓa ba. Na ce za a yi tayin.

Mahaifiyarki tausayi ne ya sa ta ce ki komo, don duk Juma'a da kukanki kike isa. Ki rage kai mata ƙara, in ba haka ba ko kin saba ita ba za ta yafe wa garin ba. Wata mai zuwa, maimakon ki je, ki ce ita ta zo ta kwana biyu. Ta taho da goro da sabulu, ki zaga da ita gida-gida, ku fara da gidan dattijuwar nan, ta ce musu ga ɗiyata nan na bar muku, in ta yi ba daidai ba ku tsawata mata.